Ankon da Kawu Ya Ɗinka wa 'Yan Rumfa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, autan su Inna mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakin Inna da ke Bungudu, bayan wata huɗu yana jinyar dukan da aka yi masa. Na faɗi maganar dukan tun daga farko ne saboda a wajen zaman makoki ba wanda ya faɗe ta. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ashe jiki ya ƙi?" Inna ta ce, "Ya ƙi." A yi addu'a, a shafa, a tashi, sai ka ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Mazan unguwa ba su daɗe a kan tabarma ba. Wani maƙwabcinmu ya ce, "To, Allah shi ya san tsakaninsa da bawansa," da irin muryar da ke nuna shi ma yana ganin ya sani. Liman kuwa, Allah ya saka masa, tambaya ɗaya ya yi: "Shina salla?" Aka ce yana yi. Ya ce, "Ku kawo shi." Nan maganar ta ƙare.

Mata ne suka cika gidan. Daga Gusau, daga Magami, daga Kekun Waje, a kan babura da bayan motar ɗaukar kaya, har da waɗanda mazajensu ba sa barinsu ko leƙen zaure. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Inna tana kuka tana cewa, "Ni da ban san bihim ba, shi yak koya mani dangwala ƙuri'a." Wata ta ce shi ya yi mata ƙunshin aure, ya yi wa 'yarta. Tsakar gida ta cika har ba wajen aje takalmi.

A tsallaken titi, ƙarƙashin dalbejiya, mutum biyar suka tsaya cikin jallabiya da huluna da ba su zauna musu a kai ba. Su ne ragowar 'yan rumfar abincin Kawu. Ba su ƙaraso tabarma ba, ba su kuma ɗaga murya da kuka ba, don sun san muryarsu za ta tona su. Can gefe kuma amininsa na shekara da shekaru, wani direba ɗan Tsafe, ya ajiye motarsa ya buɗe ƙofa ya zauna a ciki. Kwana uku yana zuwa yana zama a haka. Ni nake aika masa da ruwa.

Kawu ɗan daudu ne. Ba zan yi wa maganar kwalliya ba, shi ma bai taɓa yi mata ba. Abin da ke tsakaninsa da amininsa ban tambaya ba, bai kuma faɗa mini ba. Na dai ga mutum biyu da suka tsufa suna kula da juna fiye da yadda na ga wasu ma'aurata suna yi. Hisabinsa ba a hannuna yake ba. Abin da ke hannuna shi ne abin da idona ya gani, kuma ina tsoron in na yi shiru, nan da 'yan shekaru za a ce tsufa ne ya kashe shi.

Rumfarsa tana bakin wata tasha a Gusau. Tuwon shinkafa, miyar taushe, soyayyar kaza, da dambun nama in ya ga dama. Yakan ɗaura zane a ƙirji a kan wandonsa in zai tuƙa tuwo, in an kira salla ya kwance ya rataye, ya ɗauki hula ya bi sahu. Bakinsa kuwa, sai wanda ya shirya. Direba zai zauna ya cika ciki, sannan ya ce, "Ɗan daudu, Allah ya shirye ka." Kawu ya tafa hannu ya ce, "Amin, Alhajin Allah. Kai ma ya shirya maka birkin motarka, jiya na ji kukanta tun daga kwana." Tasha ta kwashe da dariya, shi kuma ya ci gaba da kwasar tuwo.

Masu aiki a rumfar duk irinsa ne. Wanda uba ya kora da bulala, wanda 'yan unguwa suka yi wa ature, wanda ya sauka daga mota ba ya da ko takalmi. Kawu ba ya tambayar labari. Sai ya dubi mutum sama da ƙasa ya miƙa masa ludayi ya ce, "Ke, wanke hannu ki zo ki duba mani miya." Suna kiransa Uwa. A bayan rumfar akwai ɗakin langa-langa inda suke kwana, kuma ga mafi yawansu duk faɗin duniya ba su da wani wurin da ya wuce nan. Abu ɗaya Kawu ya nema a siyasa tsawon rayuwarsa, shi ne a bar masa rumfar nan da mutanen da ke cikinta. Ba kujera, ba kwangila, ba kujerar Makka.

Yadda ya shiga siyasa ma ba shi ya nema ba. Shi ke girkin biki, shi ke ƙunshin amare, don haka ba gidan da ƙofarsa ke rufe gare shi. Magidancin da zai zare wuƙa in ya ga namiji ya wuce zaure, in ya ga Kawu da kwanon lalle sai ya ce, "Ai wane ne, shiga." 'Yan siyasa kuwa hancinsu ya fi na kowa jin ƙanshi. Sun lura cewa ƙuri'ar da ke cikin gidajen kulle ta fi ta majalisar shayi yawa, kuma ga mutum ɗaya da ke shiga ya fita. Sai aka fara aiko masa da mota mai baƙin gilashi, ta tsaya a bayan rumfa, wajen da ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ban taɓa ganin wadda ta tsaya a gaba ba.

Na sha raka shi cikin gidaje. Zai zauna a tsakiyar mata da shuni a murfin kwalba da tsohuwar takarda, ya ce, "Sau ɗaya za ki danna, ba tuwo kike murzawa ba. Ki hura ta bushe. Ki naɗe ta a tsaye, kada ta shafi maƙwabciyarta." Da na'urar tantance masu zaɓe ta zo, shi ya fara gane cewa lalle na hana ta karanta yatsa. Mai ƙunshi da kansa ya riƙa bin gidaje yana hana ƙunshi. Amarya ta yi ta magiya, ya ce, "Ƙafa zan yi maki har gwiwa, amma yatsun hannu sai bayan zaɓe." Duk ɗan takarar da ya zo, sharaɗin Kawu ɗaya ne: "In kun hau, ku ce ma yaranku su bar mani rumfa." Kowa ya ce an gama. Wasu sun cika na shekara guda, wasu na wata biyu. In aka sake zuwa aka kifar masa da tukwane, sai ya wanke su, ya aika wa wanda ya hau saƙo a tuna masa, ya jira zaɓe na gaba.

Ranar zaɓe kuwa ita ce ranar wahalarsa. Layi biyu ake yi, na maza da na mata. In ya tsaya a na maza, a ture shi a ce ya koma wajen 'yan'uwansa mata. In ya matsa kusa da mata, ma'aikaci ya ce ya koma wajen maza. Wata shekara ina cikin layinmu na ga wani ƙato ya kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗi cikin kwata, wani ya ƙara masa da gwiwar hannu a baki. Jini ya ɓata masa gaban riga. Bai rama ba, bai kuma fita daga layin ba. Ya ɗauko hular ya kakkaɓe ya mayar, ya ɗaga katinsa ya ce, "Wanga kati irin naka na, Malam. Ba a yi maka babba ba." Ya jefa ƙuri'arsa da leɓe a fashe, ya koma rumfa ya ɗora sanwar rana.

Akwai wata lauya da ta taɓa zuwa daga birni, mace mai hankali, ta ce suna da ƙungiya mai kare irinsu. Ta ce ya daina yarda da alkawarin baki, ya tara mutanensa su rubuta buƙatunsu, ɗan takara ya sa hannu. Ta ambaci wasu haruffan Turanci da ta ce su ne sunansu a duniya. Kawu ya saurare ta har ta gama, ya zuba mata kaza, ya ce, "Ɗiyata, ni sunana a tasha ɗan daudu, a gida Kawu, a rumfa Uwa. Sun ishe ni. Takardar da kike so mu rubuta sunayenmu, ita za a bi a kamo mu ɗaya-ɗaya." Ta ce to haka za su dawwama ana amfani da su ana yarwa? Ransa ya ɓaci, ya ce ita za ta hau mota ta koma, su za su kwana a nan. Sun rabu ba daɗi. Daga baya ya ce mini, "Yarinyar nan ta yi gaskiya, ni ma na yi gaskiya." Ban taɓa jin ya yarda wani ya yi gaskiya ba sai ranar.

Yanzu sai maganar Yayana, wadda ita ce ke shaƙe ni. Da Baba ya rasu, 'yan'uwansa sun yi ta'aziyya sun watse. Kawu ne ya riƙe mu. Duk Juma'a sai ya sauko Bungudu da buhu a bayan babur. Shi ya kai ni makaranta, shi ya saya wa Yaya babur ɗin da ya fara sana'a da shi, shi ya yi masa lefe. Yaya yana son Kawu, wannan ba na shakka. Amma kunyarsa yake ji. In ya je rumfa ta baya yake shiga, ya ci a tsaye, ya fita yana waige. Kawu ya sani, sai ya riƙa ajiye masa kwanonsa a ɗakin baya tun kafin ya zo, don kada ya sha wahalar tambaya.

A kakar zaɓen da ta wuce Yaya ya zama shugaban matasan wani Alhaji mai neman kujerar majalisa. Ta hannunsa aka nemi Kawu, kuma saboda shi Kawu ya yi aikin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya shiga gidaje har ƙafarsa ta kumbura. Da za a yi gangamin mata, uwargidan Alhaji, Hajiya, ta zo da kanta ta ba shi aikin girki. An buga atamfa mai hoton Alhaji za a raba wa mata. Da za ta tafi ta sa aka sauke masa turmi shida ta ce, "Ga naka da na mutanenka."

Ina ganin Hajiya ta faɗa ne kawai, irin ta masu kyauta. Amma Kawu mutumin biki ne, a gidan biki ya tsufa, kuma a wajensa atamfa iri ɗaya sunanta anko. Ba a ba bare anko. Wanda aka miƙa wa, an ce masa shi ɗan gida ne, ya zo ya tsaya cikin dangi kowa ya gan shi. Shekara talatin ana tsayawa a bayan rumfarsa, yau ga matar ɗan takara ta ba shi anko da rana tsaka. Na same shi ya baje atamfar a kan benci yana shafa ta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ɗiyata, kin gani? Sun sa mu cikin biki."

Amininsa ya yi faɗa ranar kamar zai fasa rumfar. "Raba ma mata! Ba naku ba ta! Mutanen ga ƙuri'arka suke so, ba fuskarka ba." Kawu ya ce shi direba ne, me ya sani a harkar biki? Amini ya ce ya san hanya, ya kuma san rami in ya hango shi. Kawu ya ce to ya je ya yi ta hango ramukansa a hanyar Tsafe. Kwana huɗu ba su yi magana ba. Kawu ya kai wa tela atamfar, aka ɗinka wa kowa riga, aka bar wa kowa zane da ɗankwali.

Ranar gangami sun ciyar da mata har aka bar saura. Da aka gama rabon abinci makaɗa suka saki kalangu, mata suka ja su cikin fili. 'Yan rumfa suka ɗaura zannuwa, suka kafa ɗauri, Kawu a gaba yana rangaɗa guɗa, hoton Alhaji na juyawa a ƙugunsu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ni ma na yi rawa. Ban lura da masu ɗaga waya ba.

Kafin azahar ɗin washegari hoton ya gama gari. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka ɗora lasifika a mota suna zagaye kasuwa: ga jam'iyyar 'yan daudu, ga wanda zai halatta auren jinsi in ya hau. Mutanen da ba su taɓa jin kalmar ba suka riƙa maimaita ta a majalisa. Abokin hamayyar Alhaji ya yi alkawarin share tasha daga ƙazanta. Alhaji kuma ya rantse bai san su ba, ya ce 'yan adawa ne suka saya musu atamfar don su ɓata shi. Rantsuwa ba ta isa ba, sai aka ce ya nuna a aikace.

Ranar Alhamis da safe Yaya ya kira ni. "Ki tahi ki ce mishi ya rufe rumfa yau. Kada ki tambaye ni." Na hau babur na je. Kawu ya ji ni sarai, ya ce wa mutanensa duk mai son tafiya ya tafi. Ba wanda ya motsa, don ba su da inda za su. Ya ce mini, "In na rufe yau, wa zai bar ni in buɗe gobe? Ga tuwo bisa wuta."

Daidai azahar yaran Alhaji suka zo, lokacin da direbobi ke masallaci. Babura sun fi goma, goyon biyu-biyu, da gorori da adduna da jarkar fetur. Rigunan da ke jikinsu na atamfar nan ne, iri ɗaya da wadda ke rataye a igiyar rumfa. Suka fara da tukwane. Ɗaya daga cikin 'yan rumfa ya ruga zai fita ta baya, suka kamo shi suka juye masa tukunyar miya tana tafasa a baya. Ƙarar da ya yi har yau tana tashe ni daga barci. Wani suka sa masa gora a ido. Suka yi musu tsirara a bainar jama'a suna neman atamfa a jikinsu, suka tattara duk wadda suka samu suka watsa mata fetur. Mutum biyu na ɗaukar hoto da waya, don hoton shi ne abin da aka aiko su su kawo.

Suka jawo Kawu tsakiya. Babbansu ya ce, "Hannun ga na ke shiga gidajen mutane." Aka kifa turmin daka, aka ɗora hannayensa a kai, mutum biyu suka danne. Sai babban nasu ya ɗauki taɓarya ya juya yana neman wani a cikinsu. Yaya yana can baya, ya ja hula har gira. Babban ya ce masa, "Kai za ka fara. Kawunka na, kai ka kawo muna shi. In ba ka yi ba mun san kai ma nasu na." Aka juyo da wayoyin kansa.

Na yi ihu na kira shi da sunan da Inna ke kiransa. Wani ya make ni da bayan adda na faɗi. Daga ƙasa na ga Yaya ya karɓi taɓaryar. Na ga Kawu ya dube shi sau ɗaya, sannan ya kawar da kansa gefe ya rufe ido, yadda yake yi in Yaya ya shigo cin abinci ta baya. Yaya ya ɗaga ya sauke. Na ji ƙarar ƙashi. Ya sake. Daga nan sauran suka karɓa, suka bi da ƙafa da gora a haƙarƙari da ciki, har ya daina motsi. Suka cinna wa rumfar wuta da ɗakin langa-langar, suka hau babura.

Amini ne ya fara isowa daga masallaci, ba takalmi. Ya ɗauki Kawu kamar yaro ya sa a mota. A asibiti aka ce yatsu takwas sun karye, haƙarƙari uku, kuma akwai abin da ya fashe a ciki. Direbobin tasha, waɗanda suka shekara suna zaginsa suna cin tuwonsa, suka cika baranda da sanduna suna cewa a faɗa musu suna ɗaya kawai. Kawu ya ce hayaƙi ya rufe masa ido, bai gane kowa ba. Da suka fita ya kira ni da ido, na sunkuya. Ya ce, "In kin buɗe baki, Inna za ta binne ɗa. Ki bari sai na tahi." Na bari. Hoton da aka watsa ma an yanke wajen da fuskar Yaya ta fito, don shi nasu ne.

'Yan rumfa suka watse a cikin kwana biyu. Mai ƙunar baya aka kai shi ƙauyensu, inda aka kore shi tun farko. Ban san yadda ya ƙare ba. Mai ido ya rasa idon. Wasu suka bi motar Funtua. Inda rumfar take, kafin mako ya zagayo wani ya kafa teburin sayar da fetur. Mata suka riƙa aiko ni da tambaya: wa za mu zaɓa yanzu? Na kai wa Kawu saƙon a Bungudu, inda Inna ta ɗauko shi. Ɗan takara ɗaya ya ce zai share su, ɗayan ya riga ya share su. Ya ce, "Ki ce masu ban da ta cewa."

Kwana tara bayan dukan aka yi zaɓe. Tun asuba ya ce a yi masa wanka a sa masa farar riga. Inna ta ce, "Auta, ka yi ma Allah ka kwanta." Ya ce katinsa a Gusau yake da rajista, kuma ba a taɓa zaɓe ba shi ba. Amini ya shimfiɗa masa katifa a bayan mota.

A makarantar da muke zaɓe, da aka fito da shi aka tsayar, layin maza ya yi tsit. Hannayensa biyu a naɗe kamar curin fura, fuskarsa a kumbure. A karon farko ba wanda ya ture shi. Suka dare suka ba shi hanya, ya ce a'a, zai bi layi. Ya bi, Amini na tallafe da shi, har ya kai gaba. Na'ura ta ɗauki fuskarsa da ƙyar. Ma'aikaciyar, wata budurwa baƙuwa, ta ce tunda ba ya iya riƙe takarda yana da damar zaɓar wanda zai taimaka masa. Amini ya matso. Kawu ya ce, "Ba kai ba."

Yaya yana tsaye a gindin bishiya cikin yaran Alhaji. Kawu ya ɗaga murya, irin muryar da yake kiran mai kaza daga tsallaken tasha: "Ɗan Inna! Zo ka kama ma kawunka hannu." Kowa ya juya. Ba yadda zai yi ya ƙi a gaban mutane. Ya taho kamar ana jan sa da igiya.

Suka shiga bayan ɗan allon da ake sirri. Ƙaramin yatsan hagu ne kawai ya leƙo daga cikin bandeji, shi ma a kumbure. Daga layin mata ina hango ƙafafunsu. Na ji Kawu ya yi nishi mai ƙarfi, na ce an gama. Sai na sake jin wani. Da wani. Abin da ake yi cikin ƙiftawar ido ya ɗauke su kusan minti biyar, nishin na ƙaruwa, har wata mata a bayana ta toshe kunne. Da suka fito gumi ya jiƙa rigar Kawu, jini ya ɓullo ta bandejin. Yaya ya jefa takardar a akwati, hannunsa duk tawada har wuyan hannu, ya zagaya bayan aji ya yi ta amai.

Kawu ya ce ba zai tafi ba sai an ƙirga. Bayan la'asar aka juye akwatin a gaban kowa, ana ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya ana faɗin mai ita. Tarin Alhaji ya yi ta hawa. Matan sun zaɓe shi, don shi aka koya musu tun farko, ba a kuma ce su canza ba. Can ma'aikaciyar ta warware wata ta tsaya tana kallo, sannan ta ɗaga ta sama. Doguwar takarda ce, jam'iyyu jere daga sama har ƙasa, kuma kowace an danna mata yatsa a gidanta, tsaf, ba wadda aka tsallake. Daga tsakiya zuwa ƙasa tawadar ta gauraya da ja. Ta ce, "Wannan ta lalace." Yaran Alhaji suka fashe da dariya, wani ya ce, "Wace baƙauya ta wagga?" Na waiwaya wajen motar. Kawu na kwance a kan katifa, ido a rufe. Ya ce wa Amini, "Mu tahi gida."

Bai ƙara taka ƙasar Gusau ba.

Allah Ka jiƙan Kawu. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka dubi bakunan da ya ciyar, Ka tsare waɗanda ya bari a warwatse ba mai kiransu su duba miya. Ka ba Inna haƙurin abin da za ta ji in an karanta mata wannan. Yaya kuwa, na ɗaga hannu sau da yawa, har yau ban san addu'ar da zan yi masa ba.